Kiɗan Ƙarfe Huɗu

"Kashe shi! Na ce ki kashe shi!"

Kujerar robar da majiyyacin ya jefa ta bugi bango ta dare gida biyu. Sista Ƙarama ta sandare a tsakiyar ɗakin maza, 'yar sifikar kiɗa a hannunta, yatsunta sun kasa gano maɓallin.

"Ni ce fa... rabin raina, dube ni, ni ce!"

Bai dube ta ba. Ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, yana buga goshinsa da ƙarfen gado. Ma'aikata biyu suka rirriƙe shi, aka kawo allura a guje. Sauran majiyyata suka takure a lungu, wani dattijo yana kuka kamar an yi masa mutuwa.

Sai da Metron, shugabar ma'aikatan jinya, ta fizge sifikar ta kashe, sannan ɗakin ya yi tsit.

"Biyo ni ofis."

Shekarar Sista Ƙarama uku tana jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa, kuma ita ta kawo tsarin kiɗan ƙarfe huɗu. Kullum a wannan lokacin ana kunna wa majiyyata kiɗa, kowa da takardarsa. A sama, abin da ke kwantar masa da hankali. A ƙasa, da jan biro, abin da ba a so ya ji. Dangi ake tambaya, likita ya sa hannu. An ga amfanin abin. Wanda ya yi wata ana ba shi abinci a baki ya ɗauki cokali da kansa. Mai zagi ya rage zagi. Allurar sa barci ta ja baya.

Shi kuwa wanda ya jefa kujerar, bakanike ne. A garejinsa suka haɗu, ranar da babur ɗinta ya mutu a hanyar aiki. Tun daga ranar yake ce mata Likitata.

"Nas ce ni, malam."

"A wurina kin fi likita. Shi rubutu yake yi, ke kike warkarwa."

Saura wata biyu aurensu ya ɗauko mahaifinsa a mota, suka daki bayan babbar mota. Uban ya cika nan take. Shi ko ƙwarzane bai yi ba. Amma daga nan ya daina magana, ya daina barci, ya daina wanka, har aka kawo shi asibitin da take aiki.

Dokar wurin ba ta yarda ma'aikaci ya yi jinyar nasa ba. Aka mayar da ita ɗakin mata, aka hana ta taɓa fayil ɗinsa. Aka damƙa shi a hannun wata nas da ake kira Doguwa, 'yar aminiyar mahaifiyarsa, wadda tun farko ita uwar ta so ya aura.

A gida ma ba sauƙi.

"Cire zoben nan," in ji Ummanta.

"Umma, ciwo ne kamar kowane ciwo. Ana warkewa."

"Ki faɗa wa masu karatu irinki. Ni ba zan kai 'yata ɗakin da za a kira ni a ce an shaƙe ta ba."

Sati shida bai furta kalma a gabanta ba. Tana leƙa shi ta taga yana kallon bango. Ranar nan haƙurinta ya ƙare, ta tare Doguwa a ƙofar ɗakin magani.

"An cike masa takardar kiɗa?"

"Wa zai cike? Mamansa ta ce ita ba ta san me yake saurare ba."

"Ni na sani."

Akwai wani kiɗa mai sarewa da suke ji tare a garejin, yana wanke hannu da fetur tana yi masa tsiya. Ta tabbata in ya ji shi zai dawo.

Doguwa ta yi murmushi, ta miƙa mata sifikar.

"Ai duk duniya wa ya fi ki saninsa, 'yar uwa? Metron tana taro. Shiga."

Ta shiga. Ba ta tambayi likita ba, ba ta tambayi kowa ba.

A ofis Metron ta buɗe fayil, ta juya mata shi. Rubutun likita ne, na satin da ya wuce, an ja masa jan layi biyu. Ashe ya yi magana sau ɗaya. Kiɗan nan ne ke tashi a motar. Ita Sista Ƙarama ta turo masa shi a waya da safiyar ranar. Da ya ƙare, ya sunkuya zai maimaita shi, ya ɗauke ido daga titi.

Sista Ƙarama ta zauna a ƙasa.

"Wallahi ban sani ba, ranki ya daɗe... an hana ni taɓa fayil ɗinsa."

"An hana ki taɓa fayil, sai kika taɓa mutumin! Ke kika kawo takardar nan. Ke kika koya mana a tambaya kafin a kunna."

Aka kira Doguwa. Ta dafe ƙirji.

"Na ɗauka ta sani, Metron. Matar da zai aura ce fa."

Doguwa ta samu gargaɗi. Ita kuwa Sista Ƙarama aka dakatar da ita wata guda.

Tana fitowa ta yi karo da mahaifiyarsa a baranda. Ta durƙusa.

"Mama, ki yafe..."

"Kada ki sake ce mini Mama. Kin kashe mini miji da waƙarki, bai ishe ki ba, kin biyo ɗana har gadon asibiti."

Wata huɗu ya ƙara yi a asibitin. Ya koma baya sosai kafin ya soma farfaɗowa. Ta dawo aiki, ba ta ƙara bi ta gaban tagarsa ba. Zoben dai ba ta cire ba, Ummanta kuma ta daina yi mata magana.

Ranar da aka sallame shi ya aika a kira ta. Ta same shi a kan bencin da ke bakin ƙofar asibiti, jakarsa a gefe, mahaifiyarsa na jira cikin tasi. Ya rame. Amma idonsa nasa ne.

"Likitata."

Hawaye suka zubo mata.

"Ka dawo! Allah na gode maka... ka dawo, masoyina!"

Ya runtse ido, ya damƙe gefen bencin.

"A hankali. Zauna can."

Ta zauna a ɗaya ƙarshen.

"Ban riƙe ki ba. Ni na sunkuya, ba ke ba. Na faɗa wa Mama, ta ƙi ji."

"To mu jira. Shekara ɗaya, shekara goma, ni zan..."

"Tsaya." Gumi ya tsatso masa a goshi. "Likita ya ce in faɗa miki da bakina. Kiɗan nan, ke kike rera mini shi a gareji. Yanzu ba sai an kunna ba. Ko gaisuwa kika yi, sarewar nake ji. Sai in ga titi. Sai in ga Baba."

"Za a yi magani, ai akwai..."

"Kin ga? Ga shi nan ya fara."

Ta ga jijiyar wuyansa na bugawa. Ta ga numfashinsa ya soma sarƙewa. Nas ce, ta san abin da ke biyo bayan wannan.

Ta rufe bakinta.

Suka zauna haka. A hankali hannunsa ya saki bencin, numfashinsa ya daidaita. Ya juyo ya dube ta, ya daɗe yana kallonta.

"Haka nake iya zama da ke. Wace mace ce za ta yi zaman aure ba ta magana?"

Ta sunkuyar da kai.

Direban tasi ya danna oda. Bakaniken ya miƙe, ya ɗauki jakarsa.

"Ki yafe mini, Likitata. Ki ce wani abu, ko kalma ɗaya. Zan daure."

Maganganu suka cika mata baki. Ta dubi hannun nan nasa da bai daɗe da sakin bencin ba.

Ta girgiza kai. Ta ɗaga masa hannu.

Sai da motar ta sha kwana, ta tabbata ba zai ji ta ba, sannan ta saki kukan.