Wa Ya Sa Ruwa a Allurar Gwiwa?

Sufeto bai gama rataye hularsa ba wani dattijo ya faɗo ofis, ko sallama babu. Gajere ne, bayansa ya ranƙwafa irin na wanda ya ƙare rayuwarsa a sunkuye, yatsunsa baƙi ƙirin da man goge takalmi.

"Ranka ya daɗe, ƙara na kawo. Likita ya so ya kashe mini mata."

"Zauna, Baba. Ɗauko mini ita daga tushe."

Dattijon mai gyaran takalmi ne, matarsa tela. Ta daɗe tana fama da gwiwa, guringuntsin ya zaizaye har ƙashi na gogar ƙashi. Wani likita ya fara yi mata allura a cikin gwiwar, ta samu sauƙi. Amma ta ƙarshe da aka yi mata, gwiwar ta kumbura suntum, zazzaɓi ya rufe ta. Yanzu tana kwance a babban asibiti, an ce in ba a gano abin da ya shiga gwiwar ba, ƙafar na iya tafiya.

"Wace irin allura ce?" in ji Sufeto.

"Oho! Ku dai kamo shi. Wani ɗan gayu ne, sai ƙamshin turare da washe baki."

Sufeto ya dube shi ta saman tabarau. Allura ya tambaya, aka ba shi labarin turare. Ya kira Saje, suka fita.

Sun sami Likitan a ƙaramin asibitinsa, ya zabga tagumi. Matashi ne, yau kam babu washe baki.

"Yallaɓai, na yi allurar nan ba adadi," in ji shi. "Maganin kauri ne da shi, kamar farin ƙwai. Shi ke zama wa gwiwa kamar man inji. Sai ka danna sirinji da ƙarfi kafin ya shiga. Wannan karon zurarewa ya yi kamar ruwa."

"Kuma ka ci gaba?"

"Na ci gaba. Na ce ko zafin ɗaki ne ya tsinka shi. Wannan sakacin nawa ne, ba zan musa ba."

"A ina kuke ajiye maganin?"

"Ba mu ke ajiyewa ba. Mai ciwo ke saya ya adana a gida. Yana zuwa ne a cikin sirinjinsa, a manne cikin kwali. Ma'aikaciyar jinyata ke buɗewa ta miƙo mini."

Ma'aikaciyar jinyar tana ɗakin wanke kaya. Tun kafin a tambaye ta ta fara rantsuwa.

"Wallahi na duba kwalin, lafiyarsa lau."

"Ina yake?"

"An ƙona shi da shara."

"Ya kike da matar da aka yi wa allurar?"

Ta taɓe baki. "Ni me zai haɗa ni da ita? Da ta shigo sai 'Likitana, Likitana', kai ka ce ita ta haife shi. Mu da ke wanke gwiwar, ko sannu."

Saje ya matso kusa da kunnen Sufeto. "Yallaɓai, ka ji kishi. Ni na ce ita ce."

"Kai ma da ka ga an ƙara wa wani igiya sai ka kwana uku ba ka gaishe shi ba. Je ka duba kwandon shara."

Ba a jima ba Saje ya dawo da kwalin a hannu, ko ƙaurin wuta babu a jikinsa. Sufeto ya juya shi a hankali. A bakin murfin akwai wani siririn layi rawaya, an ja shi tsaf, babu inda ya zarce. Ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

Ma'aikaciyar jinyar ta fashe da kuka. "Yallaɓai, ƙarya na yi. Ban duba ba, tsoro ne ya sa. Na dai tuna ya ƙi yaguwa, sai da na sa almakashi."

"Na baya fa?"

"Da yatsa biyu nake ɓare su."

A babban asibiti suka tarar da telar a kwance, an ɗora ƙafarta a kan matashi. Mijin yana zaune a gefen gado yana yi mata fifita da kwali.

"Sannu, Mama. Ya jikin?"

"Da sauƙi, ɗan nan. Don Allah kada ku taɓa Likitana. Hannunsa mai albarka ne."

Fifitar ta tsaya cak, sannan ta ci gaba da sauri.

"Kafin allurar nan Malam ne ƙafafuna," in ji ta. "Shi ke murza mini man zafi safe da yamma, shi ke riƙe ni har ƙofar bayi. Da Likitana ya yi mini ta farko, sai ga ni a kan keken ɗinki ina takawa. Na ce Malam ka huta da murzar nan haka, Likitana ya ce ba ta gyara guringuntsi."

"Ya ce. Komai ya ce," in ji mijin, yana kallon bango.

"Baba, a ina aka ajiye allurar ƙarshe?"

"A akwatinta. Ni ko kalarta ban sani ba."

"Haba Malam! Ba kai ka tafi da ita shago ba, ka ce kar jikoki su yi wasa da ita?"

"Au. Tsufa ne, na manta."

Sufeto ya ce Saje ya fita da dattijon ya sha iska. Ya ɗan tsaya da matar su biyu. Da ya fito fuskarsa a ɗaure take tamau.

"Baba, mu je ka nuna mini shagon nan."

Shagon ɗan ƙuƙut ne, amma babu abin da babu. Tsofaffin dundunen takalma a buhu, lanƙwasassun ƙusoshi a gwangwani, igiyoyi marasa 'yan'uwa a rataye, guntayen fata waɗanda ko yatsa ba za su rufe ba. Sufeto ya buɗe gwangwanin gam, ya shinshina, ya ajiye kwalin allurar kusa da shi.

"Launi ɗaya, wari ɗaya."

"Ranka ya daɗe, duk mai gyaran takalmi da wannan gam yake aiki."

"Gaskiya ne. Sai dai ba kowane ne allurar matarsa ta kwana a shagonsa ba."

Sufeto ya bi kantar shagon da kallo.

"Baba, kai ba ka zubar da komai, ko?"

"Abin da ka zubar yau shi za ka nema gobe."

Sufeto ya shiga buɗe tsofaffin gwangwanayen man goge takalmi ɗaya bayan ɗaya. Wannan maɓallai, wancan ƙusoshi. Na can lungu an wanke shi fes, an naɗe shi a leda. A cikinsa akwai wani abu garai-garai mai kauri. Sufeto ya taɓa da tsinke, ya ɗago, abin ya biyo shi yana yauƙi.

"Wannan kuma man wane takalmi ne?"

Dattijon ya zauna daɓas a kan bencinsa.

"Hannunka ya iya zuba wa matarka ruwa a allura," in ji Sufeto, "amma bai iya zubar da abu mai amfani ba. Ga maganin da ka juye nan."

"Ba don in cuce ta ba ne," in ji dattijon. "So nake allurar ta ƙi ci, shi ke nan. Ta ce a'a, ashe likitan ma mutum ne, ta dawo ta ce Malam zo ka murza mini. Tun gashina yana baƙi nake riƙe da ƙafar nan. Na san inda ke mata ciwo fiye da ita. Yaro ya zo da tsinke ɗaya, shi ke nan na zama kujera a gidana. A ci abinci Likitana, a kwanta Likitana. Kishi nake, ranka ya daɗe. Kishi kamar ya kashe ni."

"Wane ruwa ka sa?"

Ya nuna wata jarka a ƙarƙashin benci, bakinta duk dauɗa. "Wanda nake sha ne. Ruwa fa! Ruwa yana yi wa mutum illa?"

"A ciki daban, a cikin gwiwa daban. Saje, ɗauki jarkar nan da gwangwanin, ka ruga asibiti. Ka ce wa likitoci ga abin da suke nema. Ka dawo da mota."

"Kuma ka zo ofishina da ƙafarka ka ce a kama wani," in ji Sufeto bayan Saje ya fita. Ransa a ɓace yake, bai ɓoye ba.

"Na ce in an rufe shi, ko ta daina kiran sunansa."

Sufeto ya dube shi.

"Ka san abin da ta gaya mini da ka fita? Ta ce in rufa mata asiri, amma ni na ga yau ba ranar rufi ba ce. Ta ce duk ɗokin allurar ƙarshen nan da take yi, so take ta tako da ƙafarta, ba sanda, ba mai riƙe ta, ta kawo maka abincin rana nan shagon, kamar yadda take yi kuna sabon aure. Ta ce ka yi mata wahala da yawa, tana so ka ɗago kai ka gan ta a bakin ƙofa."

Dattijon ya juya ya dubi ƙofar.

Da Saje ya iso da mota, dattijon ya miƙe. A bakin ƙofa ya laluba aljihu, ya ciro 'yar kwalbar man zafi wadda ta kusa ƙarewa, ya miƙa wa Sufeto.

"A ba wanda zai riƙa murza mata. A ce ya ɗumama hannunsa tukuna, ba ta son hannu mai sanyi."

Sufeto ya karɓa ya sa a aljihu. Saje ya ja ƙofar shagon, ya datse kwaɗo.