Takardar Jinin Dogo

Ban gama gaishe da Umma, mahaifiyar Dogo, ba ta jefo min takardar gwajin jininsa a cinya.

"Ba ke ce mai gwajin jini ba? Karanta abin da allurarki ta yi wa ɗana."

Saura wata guda aurena da Dogo, kuma ni na matsa masa ya yi rigakafin. Yana tsaye bakin ƙofar falo, hannu dafe da kunci kamar mai tagumi. Kusa da Umma kuwa 'yar ƙanwarta ce, wadda ta daɗe da ɗora ido a kansa. Ta ɗaga waya tana karanto wani rahoto, wai mutane da yawa sun kai ƙorafin kumburi a jini bayan allurar. Umma ta ce an fasa auren.

Ina son Dogo kamar raina, ba zan ɓoye ba. Amma shekara shida ina cin abinci da irin takardar nan.

Cikin ladabi na bayyana musu cewa irin wannan rahoton yana tattara duk abin da ya sami mutum bayan allura, ko ita ta jawo ko ba ita ba, sai an bincika. Lambar da ke nuna kumburi kuma takan ɗan ɗaga na 'yan kwanaki bayan allura, sannan ta sauka. Na nuna wa Umma kwanan watan da ke saman takardar: sati uku bayan allurar aka ɗebi jinin, lambar kuma ta yi sama sosai. Ruwa ba ya tsami banza.

Na dubi Dogo.

"Masoyi... sauke hannunka."

Ya yi kamar bai ji ba.

"Sauke!" in ji Umma.

Kuncin ya kumbura kamar ya ɓoye lemo a baki. Ashe sati biyu haƙori na ruɓe masa, ƙaton mutum yana tsoron kujerar likitan haƙori. Zazzaɓin da ya kai shi gwaji ma daga haƙorin yake, bai faɗa wa kowa ba.

'Yar ƙanwar ta ce ai kare kaina nake yi.

"A cire haƙorin, Umma, a sake gwajin bayan kwana goma. In lambar ba ta sauka ba, da ƙafata zan fita daga rayuwarsa."

"Haba, zuciyata..."

Na ce masa ba da shi nake ba.

Ranar da kwanakin suka cika Umma da kanta ta rako shi ɗakin gwajinmu. Ta ce ba ni zan ɗebi jinin ba, abokiyar aikina ce za ta yi, na ce na yarda. Ta zauna kan benci awa biyu, ko ruwa ba ta karɓa ba.

Lambar ta sauka har ƙasa.

Umma ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta buɗe jaka ta zaro wasu tsofaffin takardu da suka sha ninki, ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba.

"Duba min nawa ma, 'yata. Shekara biyu ina tsoronsu."