Makin Ummulkhairi

Da hantsi aka kawo wa Insifekta Suhaibu rahoton sata daga ofishin wata ƙungiyar manoman rani a Bunkure. Matasa talatin sun yi jarrabawa biyu, don a zaɓi ɗaya a tura kwalejin noma. Takardun ta biyu sun ɓace, saura makin da sakatare Dattijo ya shigar a kwamfuta. Gobe za a aika sunan wanda ya ci.

Malama Salama, malamar lissafin da ke taimaka wa ƙungiyar, ta juyo masa da kwamfutar.

"Ga layin makin farko, ga na biyu. Na sa ta auna alaƙarsu. In ta kusa ɗaya, masu ƙoƙari a ta farko su ne masu ƙoƙari a ta biyu. Bara 0.9 ce. Bana 0.5."

"Malama, ni da lissafi sai gaisuwa. Wa ya ɓata alaƙar?"

Ta yi dariya, ta riƙa cire sunaye ɗaya bayan ɗaya. Da biyu suka fita, lambar ta koma 0.9. Ummulkhairi ta faɗo daga 91 zuwa 30. Baballe ya tashi daga 28 zuwa 93.

A gonar tumatir Insifekta ya sami Baballe.

"Ranar Talata ka rubuta jarrabawa ta biyu?"

"Ƙwarai, yallaɓai. Ƙarfe tara ina zaune."

"Kai, tumatirin nan ya yi kyau! Yaushe ya sha ruwa?"

"Talata mana! Ranar kaɗai ake sako mana. Ni kaɗai na yi ban ruwan, tun safe har azahar..."

Sai ya sunkuyar da kai.

"Kawu Dattijo ne ya ce kada in bar ruwa ya wuce."

Dattijo ya yi ta rantsuwa, har aka zaro takardun daga buhun taki a zaurensa.

"Ɗan ƙanwata ne," in ji shi. "Na ba shi makinta, ita kuma na ƙirƙira mata talatin."

Kofur ɗin da ke tare da Insifekta ya tasa shi zuwa mota.

Malama Salama ta gyara layin, sunan Ummulkhairi ya hau sama. Gwaggonta ta rangaɗa guɗa, mata suka cika ƙofar ofis. Insifekta ya miƙa wa yarinyar takardarta mai warin taki, da maki 93 cikin 100 a samanta.

Ta duba gaba da baya, ta ɗago.

"Malama, ina maki bakwai ɗin suka tafi?"