Jikin Abba Da Sauƙi

Auta na tsaye a kicin tana wanke kofin da ta riga ta wanke, idonta na kan wayar da ta jona caji a saman firji. Tun da ta rabu da Dogo haka ta koma, hannu na aiki, hankali na wani wuri. Gwaggo, yayar Abbanta, wadda ta dawo gidan da zama tun da aka tafi da Abba asibiti a wani gari mai nisa, ta leƙo ta ƙofa tana gyara ɗaurin kallabi.

"Kofin nan bai yi miki laifin komai ba, Auta. Za ki kankare masa fenti."

"Kiran Umma nake jira, Gwaggo."

"Na Umma, ko na wancan mai dogon wuyan?"

Auta ta ajiye kofin. Wayar ta yi ƙara, ta ɗauka da jiƙaƙƙen hannu. Umma ce, daga can gefen gadon Abba.

"Umma, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Kin ci abinci?"

"Ba ni shi mu gaisa."

"Yanzun nan barci ya ɗauke shi. In ya tashi zan ce kin kira."

Kullum haka ake yi, kuma kullum Auta takan ajiye wayar ta ce wa zuciyarta ta kwanta, zuciyar kuma ta ƙi.

Dogo a garin da asibitin yake yake aiki, yana gyaran injina a wata masana'anta. Manya sun riga sun shiga maganar aurensu, dawowar Abba kawai ake jira. Ranar da aka tafi da Abba, har daɗi Auta ta ji, ta ce ai ga ɗan gida a can, Umma ba za ta rasa mai riƙe mata jaka ba. To ana nan, wata rana da la'asar, sai ga kiransa, muryarsa babu wasan da ta saba ji.

"Ki nemi izini a wurin aiki ki taho. Jikin Abba ya yi tsanani."

Nan take ta kira Umma. Umma ta ce, "Wa ya faɗa miki wannan magana? Da sauƙi sosai." Gwaggo kuwa, da ta ji, sai ta karɓe zancen ta yi masa riga da wando.

"Yaro tun bai shigo gida ba yana yi wa surukinsa mugun baki? Ke ba ki gane ba ne, ganinki yake so ya yi, shi ne ya fake da ciwon ɗan'uwana. Ni dama tsayin nan nasa bai taɓa kwanta min ba."

Auta ta sake kiran Dogo, ranta a ɓace.

"Kana nufin Ummata ƙarya take yi?"

"Ban ce ba. Cewa na yi ki taho."

"Ka janye maganar nan, ka ce sori, ta wuce."

"Ba zan iya janye abin da na gani da idona ba, Auta."

"To ka riƙe idonka, ni na riƙe uwata. Daga yau kowa ya kama gabansa."

Ta kashe, ta yi bulokin ɗinsa, ta toshe shi a ko'ina, har a inda bai taɓa nemanta ba.

Rabuwa kuwa, a baki take da sauƙi. Auta ta tattara duk abin da ya taɓa ba ta a kwali ta tura ƙarƙashin gado, washegari ta jawo kwalin wai tana neman takalmi. Ta goge hotunansa, ta kuma bi su can inda waya ke ajiye gogaggun abubuwa tana kallo. Ta daina bin layin da suka saba tsayawa sayen lemo, ta koma zagaye mai nisa, ta riƙa isa aiki a makare. Abin da ya fi cin ranta shi ne, duk lokacin da tsoro ya kama ta game da Abba, mutumin da take so ta kira ta yi wa kuka shi ne wanda ta kora. Tana kewarsa, tana jin haushinsa, tana kuma jin haushin kanta da take kewarsa.

A shagon tabarau take aiki, can bayan kanta, inda ake ɗaura gilashi a firam, a miƙe hannun da ya lanƙwashe, a ɗaure 'yan ƙananan ƙusoshin da sai an lumshe ido ake ganinsu. Aikin na son nutsuwa, ita kuma nutsuwar ce ta yi mata ƙaranci. Har mai shagon, mutum mai haƙuri, ya taɓa ce mata, "Auta, wannan tabarau in mai shi ya saka, gefe zai riƙa tafiya."

Wata rana da hantsi wata dattijuwa ta shigo, ta kwance bakin mayafinta ta fito da tsohon tabarau mai karyayyen hannu.

"Na maigidana ne, 'yar nan. A taimaka a gyara min yanzu, asibiti zan koma."

Auta ta ba ta kujera ta fara aiki. Sai wayar dattijuwar ta yi ƙara. Ta gyara murya kafin ta ɗauka, ta yi fara'a kamar mai wayar na ganinta.

"Lafiya ƙalau... Baban naki? Da sauƙi, alhamdu lillahi... A'a, barci yake yi yanzu. In ya tashi zan ce kin kira."

Hannun Auta ya tsaya. Ta ɗago kai, ta ga dattijuwar ta kife wayar a cinya tana share hawaye da bayan hannu.

"Mama, ba kin ce da sauƙi ba?"

"To me zan ce mata? Tana can nesa, ga tsohon ciki. Bawan Allahn nan ko ruwa ba ya iya haɗiyewa. Tabarau ɗin ma ba karatu zai yi da shi ba, so yake kawai a saka masa, wai ya fi gane kansa a ciki." Ta ja numfashi. "Wanda ke nesa, da sauƙi ake ce masa, 'yar nan. In kika girma za ki gane."

Ƙusar da ke hannun Auta ta faɗi ƙasa. Ta durƙusa tana lalube, ba ta ganin komai saboda hawaye. Da ƙyar ta ƙarasa gyaran, ta goge gilashin tas, ta raka dattijuwar har bakin titi. Sannan ta ɗauki jakarta ta ce wa mai shagon za ta je gida. Ya dubi fuskarta, bai tambaye ta dalili ba.

Ta tarar da Gwaggo a falo tana ninke wanki. Ta durƙusa a gabanta ta riƙe hannuwanta biyu.

"Gwaggo, don girman Allah ki dube ni. Yaya jikin Abba?"

"Da sau—"

"Gwaggo."

Gwaggo ta sunkuyar da kai. Matar da ba a taɓa ganin ta rasa abin faɗa ba, sai ga ta tana kallon rigar da ke cinyarta.

"Ai majinyaci ko yaya yake haka ake cewa. Ba ƙarya ba ce, addu'a ce."

"Na ji addu'ar. Yanzu ki faɗa min labarin."

"Zuciyarsa ce. Gobe za a yi masa tiyata. Likitoci sun ce in ba a yi ba babu, in an yi kuma sai yadda Allah ya so." Hawaye ya zubo mata. "Ubanki ne ya ce kada a faɗa miki. Ya ce ke Auta ce, ba za ki iya ɗauka ba."

"Dogo kuma fa? Kina zaune na ci mutuncinsa, kika taya ni."

"In na ce gaskiya ya faɗa, na tona asirin ɗan'uwana yana kwance. Sai na zaɓi nawa, na zalunci ɗan mutane. Kullum in na ga kina wanke kofin nan sai in ji kamar in nutse."

Auta ta so ta yi faɗa, amma tsohuwar da ke gabanta kukan ƙaninta take yi, wanda ta goya da bayanta. Sai ta kifa kai a cinyarta, suka yi kukan tare.

Washegari da sassafe Auta ta shiga motar farko. A hanya ta cire Dogo daga buloki, ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Babu kalmar da ta yi mata daidai da girman abin da ta yi, har suka shiga garin ba ta aika komai ba.

A doguwar barandar asibitin, kan benci, ta hango wani zaune da kayan aiki masu tabon mai, ƙafafunsa sun yi wa bencin yawa. Ya rame. Da ya gan ta ya miƙe, bai yi mamaki ba, bai kuma yi murmushi ba.

"Ɗaki na ƙarshe, hannun dama. Ki yi sauri, nas ta ce sun kusa zuwa ɗaukarsa."

"Dogo, ni—"

"Abba tukuna."

Ta tura ƙofar ta shiga. Abbanta, mai muryar da ake ji daga bakin layi, ya koma ɗan ƙarami a tsakiyar farin zanen gado, ga robobi a hanci da hannu. Umma ta miƙe da sauri ta rungume ta.

"Wa ya kawo min wannan mai taurin kan?" in ji Abba, muryarsa can ƙasa.

Ta durƙusa ta riƙe hannunsa tana kuka. "Abba, da an shiga da kai ban gan ka ba fa?"

Ya daɗe yana kallonta. "Ni na ce a ɓoye miki. Amma tun da aka sa ranar nan, ba abin da nake roƙon Allah kamar in ga fuskarki. Na hana, kuma ina so, girman kai ya hana ni warwarewa." Ya huta. "Yaron nan yana waje?"

"Kullum yana waje," in ji Umma tana share ido. "Tun ranar da ka ce kada ya sake tako ɗakin nan, don ya faɗa mata bayan ka hana shi. In ya tashi daga aiki nan yake zuwa ya zauna. Shi ke yawon neman magani, jinin da za a ƙara maka ma har da nasa a ciki. Na ce masa yarinyar ta rabu da kai, me kake jira? Ya ce shi ba don a biya shi yake yi ba."

Abba ya lumshe ido. "Duk cikinmu shi kaɗai ya ɗauke ki babba. Je ki kira min shi."

Ta fita. Dogo na tsaye inda ta bar shi. Duk maganganun da ta shirya a mota suka gudu.

"Na zalunce ka," ta ce. "Ka yafe min."

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma na gwammace ki tsane ni kin gan shi, da ki so ni ba ki gan shi ba."

Ta rufe fuska da mayafi. "Abba na kiranka."

Suka shiga tare. Abba ya miƙa masa hannun da babu roba, ya riƙe shi da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Ka ƙi jin maganata, ka kyauta. In na fito, ni zan tsaya a kan maganarku. In ban fito ba, ga uwarta nan shaida, na ba ka."

Masu tura gado suka shigo. Auta ta bi su tana riƙe da hannun Abba har ƙofar da ba a wucewa, sannan ta dawo bencin ta zauna tsakanin Umma da Dogo. Jiran ya yi tsawo, amma a karon farko tun tafiyar Abba, tsoron da take ji na gaskiya ne, kuma ba ita kaɗai ke ɗauke da shi ba. Rana ta yi sanyi kafin likitan ya fito, ya sauke takunkumin fuskarsa ya ce an yi nasara. Umma ta zube a wurin tana godiya ga Allah.

Abba ya daɗe kafin ya miƙe, amma ya miƙe, kuma ya cika alkawari. Gwaggo da kanta ta kira Dogo ta ba shi haƙuri, ta ce ta sake dubawa, tsayin nasa daidai ne.

Iyaye sukan ɓoye mana ciwo don suna sonmu, ba za mu ƙi su don haka ba. Amma wanda ya yarda ya rasa ki don ya faɗa miki gaskiya, ya kuma haƙura ya zauna a bakin ƙofar da aka kore shi, kada ki yi saurin yanke masa hukunci. Auta ta yi sa'a, nata ya jira, Abbanta ma ya jira. Ba kowa ake jira ba.