Layin Da Baba Ya Hana a Goge

Ranar da Annika Lindqvist ta fara ganin Rafael Ocampo, da faɗa suka gaisa. Ta shigo ofishinmu, inda take aiki tare da babanta, da kofi a hannu, ta tarar da baƙo a kujerar babanta, yana kallon allon kwamfuta yana girgiza kai.

"Wane ne ya zuba na'ura ɗari biyu a fayil guda kamar bola?" ya tambaya, ko juyowa bai yi ba.

"Ubana ne," ta ce. "Tashi daga kujerarsa."

Ya juyo, kunnuwansa suka yi jawur. Ta so ta ci gaba da masifa, dariya ta ƙwace mata. Mu da ke wurin muka kalli juna, mun san an gama.

Kamfaninmu a Duluth, garin da ke bakin wani babban tafki, shi ke kula da na'urorin da ke auna alkama kafin a loda wa jiragen ruwa. Shekara ashirin da shida Gunnar Lindqvist, baban Annika, yana riƙe da jerin na'urorin nan, kowace da saitinta a gefen sunanta, duk da hannunsa ya rubuta. An ɗauko Rafael daga El Paso, can kudu mai nisa, don ya kasa su rukuni-rukuni, ma'aunai daban, masu buɗe ƙofofin rumbu daban, kowane rukuni da fayil ɗaya na saiti, in ka gyara sau ɗaya ka gyara wa kowa.

Kafin ƙanƙarar tafki ta narke, soyayya ta yi nisa.

"Zumata, kin ci abinci kuwa? Ko har yanzu ana fushi da ni?"

"Ana yi. Zo ka kai ni cin kifi, in ga ko zan huce."

Gunnar kuwa ko sunan yaron ba ya son ji. "Ba a gidana ba," ya ce wa Annika a kan tebur ranar Lahadi. "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Sai ga ranar Talatar da jirgin farko na shekara ya iso. Rafael ya sauya adireshin da ma'aunai ke aika wa bayanan nauyi a fayil ɗin rukuninsu. Goma suka bi. Ma'auni mai lamba bakwai kaɗai ya ƙi, ya ci gaba da aikawa tsohon adireshin da aka riga aka rufe. Awa biyar jirgi na tsaye, kyaftin na zagi ta waya.

"Rukuninsa ne ya jawo!" Gunnar ya daki tebur. "Na faɗa muku!"

Shugabarmu, Misis Okerlund, ta dubi Rafael. Ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne. Ta ce ranar Juma'a za a zauna, amma gara ya fara tattara kayansa.

Annika ba ta yarda ba. Kowa a sana'armu ya san abin da aka rubuta a gefen sunan na'ura shi ke rinjayar na rukuni. Ta buɗe jerin, ta gangara kan ma'auni na bakwai, ga tsohon adireshin nan zaune daram. Ta buɗe tarihin gyare-gyare, don a wurinmu ba a sauya ko harafi sai wani ya duba ya amince, kuma komai yana nan a rubuce. Tun watan Fabrairu Rafael ya nemi a goge layin. A ƙasa ga amsar babanta: "A'a. Kada wanda ya taɓa wannan."

Ashe Rafael da Gunnar duk sun sani. Kai, ranar na ga ɓacin rai!

A wurin ajiye motoci ta tare Rafael.

"Ka sani, ka yi shiru!"

"Zumata, saurara..."

"Kada ka ƙara ce min zuma! Za ka koma El Paso ka bar ni, don ka rufa wa tsoho asiri? Ni an tambaye ni?"

"Saura wata takwas ya yi ritaya. So nake ya fita da mutuncinsa. Ni zan samu wani aikin."

"A ina? Can inda sai na hau jirgi biyu kafin in gan ka? Ka zaɓi ubana a kaina, shi da ko gaisuwarka ba ya amsawa!"

Ta shiga mota ta buga ƙofa. Saƙonsa ya same ta a hanya: "Na yi kuskure, amma son ki ne ya sa." Ta amsa da kalma biyu: "Riƙe kayanka."

Ta sami Gunnar a gareji yana kwance injin kwalekwale. Ta ajiye masa waya a kan benci.

"Baba, karanta."

"Na san abin da ke ciki."

"To ka ji kunya! Ban ce ka so shi ba. Amma in ka yi shiru ranar Juma'a, ni zan ɗora wannan a allo gaban kowa, sannan in haɗa jakata in bi shi."

"Ni kike wa barazana a gidana?"

"Kai fa."

Kwana biyu ba ta yi wa ɗayansu magana ba.

Ranar Juma'a, kafin Misis Okerlund ta buɗe baki, Gunnar ya miƙe. Ya ɗora layin a babban allo, da amsarsa a ƙasa.

"Ni ne. Yaron ya gargaɗe ni, girman kai ya hana ni ji." Sai ya juya kan Rafael, ido ja. "Kai kuma, sakarai, wa ya aike ka ka ɗauki laifina? Wanda zai yi ƙarya saboda ni, gobe 'yata zai yi wa."

"Ba zan ƙara ba, yallaɓai."

"Ka ƙara ka gani." Gunnar ya zauna, ya goge layin da kansa, ya tura neman amincewa. Wayar Rafael ta yi ƙara. A shekara ashirin da shida, ban taɓa ganin Gunnar ya nemi yardar wani da son ransa ba. "Me kake jira? Amince mana!"

Rafael ya amince. A ranar aka karɓe jerin daga hannun Gunnar, kuma bai jira wata takwas ɗin ba, a ƙarshen Mayu ya ajiye aiki.

Annika sai da ta ƙara mako guda tana shan ƙamshi kafin ta karɓi zoben Rafael.

A watan Agusta aka ɗaura auren a bakin tafki. Gunnar ya rako 'yarsa har gaban fasto, ya damƙa hannunta a na Rafael, ya ƙi saki.

"Saboda kai yarinyar nan ta so ta tozarta ni a gaban jama'a," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Kuma ta yi daidai. Ka riƙe ta da gaskiya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su faɗa muku gaskiyar ko ba ku so."

Muka amsa da amin, sannan ya saki hannun.