Yatsu Biyar a Damtsen Odile

"Manman, kwana huɗu ne fa kacal! Ba Faransa za mu ba, tsibirin Marie-Galante ne, tafiyar awa ɗaya a jirgin ruwa."

Odile ce ke wannan magana, tana tsaye a bakin kicin ɗin mahaifiyarta a garinmu Le Moule, wata biyu da aurenta. Uwar, Man Honorine, ko ɗagowa ba ta yi ba, ɓarar ayaba kawai take kamar da ita suke faɗa.

"Kwana huɗu ke kaɗai da shi, inda ba ki da kowa. Ki kira ni safe da yamma. Ranar da na ji shiru, Rodrigue zai biyo ki."

"Haba Manman! Mijina ne fa."

"Na Clarisse ma ai mijinta ne."

Odile ta kau da kai. Clarisse yayarta ce. Shekara biyu mijinta yana jibgarta tana ɓoyewa, yau ta ce ƙofa ce ta buge ta, gobe ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki, uwar tana yarda, har ranar da aka kwashe ta zuwa asibiti. Ta rayu, amma kunnenta na hagu bai sake ji ba. Tun daga ranar Man Honorine ta daina yarda da bakin 'ya'yanta mata. Babban wansu Rodrigue kuwa ya rantse a gaban kowa, duk namijin da ya sake taɓa ƙanwarsa sai dai uwarsa ta haifi wani.

Sai ga Odile ta kwaso musu Firmin. Birkila ne, ƙato, tafin hannunsa ɗaya ya isa ya rufe faranti, ga shi ba ya son magana. Kuma duk unguwar an san irin dukan da ubansa ya riƙa yi wa uwarsa. Ni dai na san Firmin tun yana yawo da gajeren wando, ko kare bai taɓa jifa ba, amma je ka faɗa wa Man Honorine haka ka ga hararar da za ka sha.

Suka tafi hutunsu. Ranar Juma'a da hantsi Odile ta hango wata rumfa a bakin teku inda ake koya wa baƙi haɗa abin sha, ta ja hannun mijinta, ta kira shi da sunan da take lallaɓa shi da shi.

"Dudu, zo mu shiga!"

"Mu da aka haifa cikin rake za a koya wa haɗa giyar rake?"

"Kai dai zo. Naka kullum kamar maganin tari yake."

Mai rumfar wata dattijuwa ce, Man Léonie, mai ƙaton ɗaurin kai da murya kamar ta mai tallan kifi. Ta jera su a dogon teburi tare da wasu Turawa shida, kowa da wuƙarsa da kofinsa.

"Babu inji a nan!" in ji ta. "Wanda bai matsa da hannunsa ba, ba zai sha ba. Ku yanka lemon tsamin, ku matse shi har da ɓawon, daɗin yana cikin ɓawon. Kai ƙato, sannu-sannu! Lemo ne, ba bulo ba!"

Kowa ya fashe da dariya, har Firmin. Suka zuba ruwan rake mai kauri, suka ɗiga giya, suka murza maburgi tsakanin tafukansu har ya yi kumfa. Daga nan aka koma na abarba da kwakwa da ƙanƙara, sannan na gwaiba. Da hannun Turawan ya gaji, Firmin ne ya matse musu lemon gaba ɗaya, ruwan yana bin yatsunsa har wuyan hannu.

Odile ba ta saba ba. Kofi uku ta ɗanɗana, kanta ya fara juyawa. Ta ce bari ta sha iska, tana sauka daga dakalin rumfar ƙafarta ta zame. Caraf Firmin ya cafe damtsenta.

"Wayyo, Dudu, ka cece ni!" ta ce tana ƙyalƙyala dariya. "Mu je yashi in kwanta."

Da sun ƙara minti biyar, da sun ga yadda Man Léonie take rufe darasinta kullum. Bokiti take fitarwa da sabulu, ta tsaya a kan kowa sai ya wanke hannu har gwiwar hannu, domin ruwan lemon tsami in ya zauna a fata rana ta buge shi, ƙuna yake zama, kuma ba ya nunawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Firmin ya faɗa teku ya yi iyo, nasa ya wanke. Odile ta ƙi shiga don kada sabon kitsonta ya jiƙe, ta yi barcinta a rana har la'asar.

Asabar suka dawo gida. Lahadi da safe Odile ta farka damtsenta na mata zugi. Ta duba madubi, sai ta ƙwalla ƙara. Yatsu huɗu a waje, babban yatsa a ciki, sun yi baƙi-baƙi da ja, har da bororo. Firmin ya shigo da gudu, ya tsaya cak. A hankali ya ɗora hannunsa a kai, ya zauna daidai.

"Ni na yi miki wannan?" ya tambaya.

"A'a! Riƙe ni kawai ka yi, ko zafi ban ji ba."

"Kina cikin maye, ina za ki ji?" Ya zauna a bakin gado yana kallon tafukansa. "Odile, tsoro nake ji. Kar dai hannun babana na gado."

Ita ma tsoron ne ya cika ta, amma ba nasa ba. Yau Lahadi, ranar cin abinci a gidan Manman, kuma rashin zuwa ya fi zuwan haɗari. Sai ta yi wautar da ta fi kowace, ta saka riga mai dogon hannu a cikin wannan zafin.

An zuba shinkafa da jan wake da naman akuya, ana ta hira. Clarisse ce kaɗai ba ta ci ba. Ta san abin da dogon hannu yake nufi a watan zafi, ita da ta shekara biyu tana sakawa. Ta miƙe, ta zagayo, ta ja hannun rigar ƙanwarta sama.

Cokalin Man Honorine ya faɗi ƙasa.

"Yesu, Maryama! Ya fara! Wata biyu kacal, ya fara!"

"Manman, ba haka ba ne! Zamewa na yi…"

"Zamewa!" Clarisse ta fashe da kuka. "Odile, ni za ki faɗa wa zamewa? Ni?"

Kafin a ankara Rodrigue ya fita bayan gida ya dawo da addar da yake saran kwakwa. Odile ta yi tsalle ta tsaya a gaban mijinta.

"Sai dai ka fara da ni!"

"Matsa, yarinya! Kai, buɗe baki ka yi magana. Hannunka ne ko ba hannunka ba ne?"

Ƙarya ɗaya da ta taimake shi a ranar, amma Firmin bai iya ta ba.

"Hannuna ne," ya ce, kansa a ƙasa. "Na riƙe ta don kar ta faɗi. Ban san na riƙe da ƙarfi haka ba."

Rodrigue ya ɗaga addar. Man Honorine ce ta riƙe masa hannu, ba don tausayin Firmin ba, don kar ɗanta ya ƙare a kurkuku.

"Fita min daga gida," ta ce. "Gobe da safe zan kai ta wurin 'yan sanda su ga wannan da idonsu. Auren nan ya ƙare."

Firmin ya fi Rodrigue ƙarfi sau biyu, kowa a wurin ya sani. Bai ɗaga ko yatsa ba. Ya dubi matarsa sau ɗaya, ya fita.

Litinin da safe, uwar tana ɗaura kallabi, Odile ta tuna akwai wadda ta ga abin da ya faru. Ta lalubo lambar rumfar a wayarta ta kira ta bidiyo, tana kuka tana roƙon Man Léonie ta shaida cewa zamewa ta yi.

"Nuna min hannun," in ji dattijuwar. Tana gani ta tafa hannu. "Au! Ku ne marasa kunyar nan da kuka gudu kafin wankin hannu! 'Yata, wannan ba duka ba ne, lemo ne da rana. Ƙaton nan lemo nawa ya matse? Duk inda ya taɓa ki sai ya fito."

Man Honorine ta fizge wayar.

"Baiwar Allah, shekara arba'in ina matsa lemo, bai taɓa ƙona ni ba."

"A inuwar kicin kike matsawa, 'yar'uwa, ki wanke hannu ki ci gaba da aiki. Matsa ki je ki kwanta a rana ki gani. Ko da yake ba kowace fata yake kamawa daidai ba."

Man Honorine ta kashe wayar. Odile ta durƙusa ta riƙe ƙafarta.

"Manman, kin ji dai…"

"Na ji baki. Baki na ji wancan karon har 'yata ta rasa kunne." Ta juya ga Rodrigue. "Je ka kira min shi."

Da tsakar rana Firmin ya shigo tsakar gidan da kayan aikinsa, duk siminti. Ta ajiye masa kwanon lemon tsami da wuƙa.

"Matse su yadda ka yi a can." Ya matse goma, har da ɓawon. Ta naɗe hannun rigarta, ta miƙa masa damtsenta. "Riƙe ni yadda ka ce ka riƙe ta."

Hannun da take tsoro tun ranar da ta fara ganinsa, shi ne yau ta miƙa wa jikinta. Firmin ya riƙe ta, ya saki. Ko motsi naman bai yi ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Man Honorine."

"To ka ji. Daga yau zuwa safiyar Laraba. In tabon ya fito, na yi maka laifi. In bai fito ba, 'yan sanda, kuma ko a hanya ka ga 'yata ka sauya hanya."

Ta jawo kujera tsakiyar rana ta zauna awa biyu cur, gumi na zuba, maƙwabta na leƙe ta katanga suna cewa ta zautu.

Litinin da yamma, babu komai. Talata da safe, babu komai. Odile ta kasa cin abinci. Maganar nan ɗaya ce ke ta yi mata yawo a kai, ba kowace fata yake kamawa daidai ba. Idan fatar Manman ta tsufa ta yi tauri fa? Idan gumi ya wanke shi? Aurenta da 'yancin mijinta duk sun rataya a damtsen tsohuwa. Ta kira Firmin a ɓoye ta ce su gudu Faransa kawai.

"A'a," ya ce. "In muka gudu, har abada ni mai dukan mata ne a wurinsu. Kuma ni ma ina so in sani, Odile. Mu jira."

Talata da yamma uwar ta shige ɗaki da wuri, ba ta bari kowa ya ga hannunta ba.

Laraba da safe Rodrigue ya tayar da mota yana jira a ƙofa. Odile na zaune a baranda ta haɗa kai da gwiwa, Clarisse na gefenta. Ƙofar ɗaki ta buɗe. Man Honorine ta fito da rigar zuwa coci, idanunta a kumbure. Ta ɗaga hannun rigar.

Yatsu huɗu a waje, babban yatsa a ciki, da bororo ya fi na Odile girma.

Odile ta zube ƙasa tana kuka da dariya a haɗe. Rodrigue ya leƙo ta tagar mota, ya kashe injin.

"Tayar da ita," in ji uwar. "Ba wurin 'yan sanda za mu ba. Kai ni inda yake aiki."

A kan tsani suka same shi yana jera bulo. Ya sauko, cokalin gini a hannu, fuskarsa duk tsoro. A gaban leburori da masu wucewa Man Honorine ta nuna masa damtsenta.

"Duba aikinka. Ni aka riƙe, na san yadda ka riƙe ni, ko jariri ba zai farka ba." Ta matso kusa da shi. "A gaban mutane na ci mutuncinka, a gaban mutane nake roƙonka. Ka yafe min, ɗana. Laifin ubanka da na mijin Clarisse na ɗora maka, kai ba ka yi komai ba."

Ƙaton nan ya juya baya ya jingina goshinsa da bango, kafaɗunsa na girgiza. Ba wanda ya taɓa ganin Firmin yana kuka sai ranar. Rodrigue ya matso yana sosa ƙeya, sai kawai ya ɗauki bulo ya miƙa masa.

To ku 'yan mata da samari, ku ji. Da Firmin ya biye wa zuciya ya mayar da hannu ranar Lahadin nan, da ya tabbatar musu da ƙaryar da hannunsa, lemo bai isa ya wanke shi ba. Haƙurinsa ne ya ba gaskiya kwana ukun da take bukata ta fito. Ku kuma iyaye, tsoro a kan 'ya'ya ba laifi ba ne, amma kada ku yanke wa ɗan wani hukunci da laifin da ba shi ya aikata ba. Da yammar ranar Odile ta koma ɗakinta, uwarta ce da kanta ta ɗaukar mata jaka.