Murhun Da Kaza Ta Gaje

Da safiyar Asabar falon Mama ya cika da yadin labule. Ita da Gwaggo sun baje shi a ƙasa suna gardama a kan wanda zai dace da ɗakin amarya, amaryar kuwa tana gefe ta ƙura wa wayarta ido kamar ba maganar ɗakinta ake yi ba. Da Gwaggo ta gaji da tambayarta shuɗi ko ruwan toka, sai ta leƙa wayar, a zatonta hoton ango za ta gani. Kaza ta gani, kwance a kan ƙwai cikin wani murhun ƙarfe sabo fil.

"Ikon Allah. Biki ya matso, ke kuma kaji kike kallo?"

"Gwaggo, don me mutum zai karɓi sabon murhu ya bar wa kaza?"

Da irin wannan tambaya ta samu sunanta. Tun tana ƙarama ba a gaya mata abu ta ce to, sai ta ce don me, har kowa a gidan ya koma kiranta Donme. Da ta gama karatu ta samu aikin da ya yi daidai da halinta a wata ƙungiyar agaji, sashen bibiya. Wasu ne ke raba kaya. Ita nata shi ne ta koma bayan an raba, ta ga ko sun isa hannun masu su, ko sun yi amfani, ta saurari koke, ta rubuta wa ofis abin da ta gani, ba ƙari ba ragi.

Murhunan an raba su ne ga mutanen da ambaliya ta kora zuwa sansani a bayan gari, don su rage cin itace, 'yan mata su huta da shiga daji. A shagon Baba Mai Walda aka ƙera su, mahaifin Injiniya, saurayin da za ta aura. Ranar da Injiniya ya kawo samfuri ofis suka fara haɗuwa, ta tsare shi da tambayoyi har ya ce ko a makaranta ba a taɓa yi masa jarrabawa irin wannan ba. Don haka tun da aka ba ta aikin ta gaya wa shugabar sashe abin da ke tsakaninsu. Shugabar ta ce ta je, amma tare da wani abokin aiki, kuma duk abin da za a rubuta sai su biyun sun gani da ido.

Abin da suka gani ya ɗaure mata kai. Wani murhun an kife shi ana zama a kai, wani an cika shi da ƙasa an shuka tumatir, wani yara sun mayar da shi ganga, wani kuma shi ne na hoton da ke wayarta. Amma duk matar da aka tambaya sai ta ce murhu ya yi kyau, Allah ya saka da alheri. Akwatin koke kuwa babu kome a ciki sai gizo-gizo.

Ran Litinin suka koma. Wannan karon Donme ta bar takardu a mota, ta cire rigar ƙungiya, ta je ta zauna cikin mata lokacin girkin rana tana taya su yanka albasa. Ba ta tambayi kowa kome ba, ido kawai ta zuba. Sai ga mata biyu sun rungumo wata tukunya wadda yaro zai iya wanka a ciki, suka ɗora a kan duwatsu uku. Wata tsohuwa mai jan ragamar girkin ta ce mata tun da ruwa ya ci gidajensu, gida biyar ne suka haɗa tukunya ɗaya, don akwai marayu, akwai tsofaffin da ba su da mai dafa masu. Murhun ƙarfen bakinsa na ƙaramar tukunya ne, babbar ko zama ba ta yi a kai. 'Yan mata kuma suna nan suna zuwa daji kamar da, har maciji ya sari wata a makon jiya, da ƙyar aka ceto ta.

Donme ta tambaye ta don me ba su faɗa ba. Tsohuwar ta dube ta kamar mai duban yaro.

"'Yata, mun ji tsoro ne. In muka ce wannan bai yi ba, wa ya san ko gobe za a ce mu butulu ne, a tsallake mu a rabon hatsi?"

Da yamma ta kira Injiniya, ta gaya masa a zaure kafin ta rubuta ko harafi. Fuskarsa ta canja. Ya ce zanen da ofis ya ba su shi suka bi, babu inda suka rage ƙarfe, kuma ta san ana dab da ba su kashi na biyu na aikin, har Baba ya ɗauki sababbin ma'aikata. Ta ce ta sani, kuma za ta rubuta cewa aikinsu ba shi da aibi. Ya ce mutane ba za su karanta wannan layin ba, abin da za su riƙe shi ne murhun Mai Walda ya zama akurki.

Washegari mahaifiyarsa ta zo gidan da kanta. Ba ta yi faɗa ba, cikin sanyin murya ta ce wa Mama su dai roƙonsu yarinya ta rufa wa gidan da za ta shiga asiri, ta rubuta cewa ana amfani da murhu. Gwaggo ta so ta sassauta zancen, ta ce ai ba ƙarya ba ne, tun da kazar ma amfani take yi da shi, amma babu wanda ya yi dariya. Bayan baƙuwa ta tafi Mama ta shige ɗaki tana hawaye. Ta ce ita ba ta taɓa ganin amaryar da ta fara da kai ƙarar surukinta ba.

Donme ta durƙusa a gabanta, ita ma idonta ya cika.

"Mama, in na rubuta cewa lafiya lau, za a sake ƙera irinsu a kai masu, 'yan matan nan kuma su ci gaba da shiga daji. Ba su da wanda zai kai maganarsu ofis sai mu. Ki yi min addu'a, amma kada ki ce in rufe."

Mama ba ta ce ta rufe ba, ba ta kuma ce ta rubuta ba.

Rahoton ya tafi da sa hannun su biyu. Ya ce ƙira ta yi kyau, kuskuren daga ofis ne da ya zana murhu bai tambayi masu girki ba, kuma mutane na tsoron koke don ba a taɓa gaya masu cewa koke ba ya hana agaji ba. Aka dakatar da kashi na biyu. Baba Mai Walda ya sallami sababbin ma'aikatansa, ya aiko cewa a ɗaga biki sai abin da hali ya yi. Injiniya ya daina kira.

Makonnin nan sun yi mata nauyi. Labule na nan a naɗe a kan durowa, ba mai taɓa shi. Duk da haka kowace Juma'a sai ta kira mahaifiyar Injiniya ta gaishe ta, ko da amsar ba ta wuce lafiya lau ba a katse waya. Ba ta kai ƙararsu wurin kowa ba, ba ta kuma bari a zage su a gabanta ba. A ofis ta dage har aka fara zama da matan sansani duk wata, baki da baki, shugabar sashe ta tsaya a gabansu ta yi alkawarin ba za a cire kowa daga rabon agaji don ya yi koke ba.

Wata rana tana cikin aiki wayarta ta yi ƙara. Injiniya ne, ko gaisuwar kirki bai yi ba.

"Tukunyar nan, faɗinta nawa ne?"

Ta daure ta ce ita ba ta iya awo ba, ya zo ya auna da kansa.

Ashe ba shi kaɗai abin ke ci ba. Baba Mai Walda ya shekara talatin yana ƙira ba a taɓa ajiye aikinsa a gefe ba, abin ya tsaya masa a rai. Ya biyo ɗansa zuwa sansani yana gunaguni, wai shi rakiya kawai ya zo. Da ya ga tukunyar sai ya manta da fushi, ya tsugunna yana zagaya ta. Tsohuwar nan ta ce tana son murhu mai gajarta don tuƙi, ya ce in ya gajarta iska ba za ta shiga ba, ta ce to ya nemo wa iskar wata ƙofa. Suka yi ta ja-in-ja har girki ya nuna, aka zuba masa ya ci.

Sau uku yana ƙera samfuri da ƙarfen shagonsa, matan suna gwadawa suna mayar masa da gyara. Na ukun ya zauna. Donme ta nemi a ba wasu aikin duba shi, don kada a ce ta yi son kai. Su ne suka dawo da labarin cewa itacen yini ɗaya yanzu yana kai kwana uku, 'yan mata sun rage zuwa daji. Ofis ya mayar wa shagon aikinsa, har tsofaffin murhunan aka tattaro a gyara.

Injiniya ya zo zaure ya ba ta haƙuri, kansa a ƙasa. Ya ce kunya ce ta hana shi kira, ba ƙiyayya ba. Ta ce ta ji zafin shirun, kuma nan gaba in ransa ya ɓaci gara ya zo su yi faɗan a fili. Ya yi alkawari.

Baba Mai Walda da kansa ya zo sa sabuwar rana. Da zai tafi ya sa aka kira ta, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa, sannan ya ce mata:

"Na ƙera maku ƙofofi da tagogi. Gobe ki zo shago ki duba su, in da gyara ki faɗa min tun ba a kafa ba."

Mama ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Da ta rufe gaskiya don a yi bikinta a kan lokaci, da ta shiga gidan da ke sonta don ta iya yin shiru, kuma da wasu 'ya'yan mutane ne za su biya. Ta faɗi gaskiya cikin ladabi, ta yi haƙuri da abin da ya biyo baya, sai ta shiga gidan a matsayin wadda in ta ce abu ya yi, kowa ya san ya yi.